Ƙofar da Ka Rufe Cikin Wayarka

A tsofaffin unguwannin birnin Kano irin su Sheshe, wadda ba ta da nisa da Kasuwar Kurmi, gida na jingine da gida, lungu kuwa ɗaya ne. A da, in mutum biyu sun ɓata, da wuya su kwana bakwai ba su yi kiciɓis ba. Ko a ƙofar zaure, ko wurin suna, ko wurin jana'iza, dole a gaisa. Dattawa kuma suna gani, su kira su, a sasanta.

Yau gaba ta sami sabuwar maɓoya. Wayar salula ta bazu a Nijeriya daga shekarar 2001, WhatsApp kuma ya fito a 2009. A cikinsu akwai hanyar toshe lambar mutum, abin da samari ke kira bulokin. Da yatsa ɗaya sai ka rufe wa ɗan'uwanka ƙofa, babu dattijon da ya gani balle ya tsawata. Da yawa cikinmu muna da dangi, ko abokan ciniki, ko tsofaffin maƙwabta Musulmi a cikin birni, mu kuwa muna Sabon Gari ko wani gari mai nisa. Sau da yawa wayar nan kaɗai ta rage tsakaninmu.

Abin da toshewa ke yi

In ka toshe mutum a WhatsApp, kiransa ba ya shigowa, saƙonsa kuma ba ya isowa. Shi dai zai ga alama ɗaya jikin saƙon maimakon biyu, ba kuwa za a sanar da shi dalili ba. Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: saƙon da ya aiko lokacin da yake a toshe ba zai taɓa zuwa ba, ko bayan ka buɗe shi. Watau in rasuwa ya sanar maka, ko gafara ya roƙa, maganar ta bi iska. Shi yana can yana cewa ka ƙi amsawa, kai kana nan kana cewa bai neme ka ba.

Yadda ake buɗewa

Ƙofofin uku ne, kowace da mabuɗinta. Buɗe ɗaya ba ya buɗe sauran.

Ta fari, wayar kanta. Shiga wurin da kake buga lamba, ka nemi saituna, a nan za ka ga jerin lambobin da aka toshe. Cire lambar daga ciki.

Ta biyu, WhatsApp. Shiga saituna, ka zaɓi sashen sirri, ka buɗe jerin waɗanda aka toshe, ka taɓa sunan mutumin, kana ka yarda a buɗe shi.

Ta uku, Facebook. Nan ma jerin yana cikin saituna. Amma toshewa tana yanke abota, saboda haka bayan ka buɗe sai ɗayanku ya sāke neman abota. Ba kuma za ka iya sāke toshe shi ba sai bayan awa 48.

Wani lokaci ma ba faɗa aka yi ba, yaro ne ya yi wasa da waya, ko yatsa ya kuskure. In ɗan'uwa ya yi shiru da yawa, duba jerin tukuna kafin ka zarge shi. In abin ya gagare ka, 'ya'yanka za su nuna maka, ko masu gyaran waya irin na kasuwar Farm Centre.

Ba kowa ake buɗe wa ba

Ɗan damfara da ke neman lambar BVN, ko lambobi 6 da WhatsApp ke aikowa, a bar shi a toshe. Haka kuma mai yi maka barazana, ko mai damun 'yarka da zancen banza. Kana iya yafe wa mutum cikin zuciya ba tare da ka ba shi hanyar sāke cutar gidanka ba.

Kai za ka fara

Ka tuna, waya ba ta gaya wa mutum an buɗe shi. In ka buɗe ka yi shiru, shi bai san kome ya sāke ba. A cikin Matiyu sura 18 Ubangiji Yesu ya ɗora nauyin zuwa a kan wanda aka yi wa laifi, ya je ya sami ɗan'uwansa su biyu kaɗai. Saboda haka kada ka jira. Aika da gaisuwa, ka tambayi lafiyar iyali, tsohuwar magana kuwa a bar ta sai an haɗu ido da ido, gama rubutu ba ya ɗaukar murya. In mai yiwuwa ne, ka tashi ka je har ƙofar gida, tun da Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take.

Daren yau, bayan addu'ar iyali, mai gida da uwar gida su buɗe jerin nan, su karanta sunayen ɗaya ɗaya. Allah shi ba mu zuciyar sulhu, amin.