Abincin mai jego da murɗawar cikin jinjiri

A gidaje da dama idan jinjiri ya kama kuka da marece, yana naɗe ƙafafu, cikinsa ya yi tauri, sai a waiwayi uwa a ce: mi kika ci? Daga nan sai a hana mata wake, a hana mata ƙwai, gobe a ce gujiya ce. Kafin a yi arba'in mai jego ta rame, jinjiri kuwa bai fasa kuka ba.

Wannan kuka likitoci sun san shi. A shekarar 1954 wani likitan yara na Amurka mai suna Wessel ya ba da ma'auninsa: yaro lafiyayye, mai shan mama sosai, amma yana kuka fiye da awa 3 a yini, kwana 3 a mako, har mako 3. Yakan fara wajen mako na 2 bayan haifuwa, ya tsananta wajen mako na 6, kuma galibi yana wucewa da kansa cikin wata na 3 ko na 4. Yana kama mai shan mama, yana kama mai shan madarar gwangwani.

To yaya abincin uwa yake zama nono? Tuwo ba ya zarcewa daga tumbi zuwa mama. Hanji ne ke narka shi, amfaninsa ya shiga jini, sannan mama ya tace nono daga cikin jinin. Iskar da wake ke tara wa babba a hanjinsa take tsayawa, ba ta shiga jini balle ta kai ga nono. Saboda haka uwar da ta ci wake ba ta kumbura cikin ɗanta ba. Ƙamshin tafarnuwa ko na yaji yakan fita cikin nono, amma yawancin jarirai ba su damuwa da shi.

Akwai dai abubuwan da ke bin jini su isa ga yaro. Na farko shi ne sinadarin nan mai hana barci da ke cikin goro da shayi da kafe. Jikin babba yana fid da shi cikin ƴan awowi, na sabon haifuwa kuwa sai ya yi kwanaki. Mai jegon da ke tauna goro tun safe, ta bi shi da shayi mai kauri, kada ta yi mamaki in ɗanta ya kasa runtsawa. Ta rage. Hayaƙin taba ma yana ƙara wa jinjiri kuka, wannan magana kuwa da maigida nike.

Na biyu shi ne nonon shanu, kuma a nan ne ya kamata mu tsaya, don a ƙasarmu hura da nono ita ce abincin rana. Wani ɓangare kaɗan na nonon shanun da uwa ta sha yana ratsawa cikin nononta. Yara ƙalilan ne jikinsu ba ya karɓar sa. Su kuma ba kuka kaɗai suke yi ba: ana ganin ƙuraje a fatarsu, ko yawan amai, ko majina da ɗigon jini cikin kashi. In an ga haka a kai yaro gidan likita. Idan likita ya yarda, uwa ta bar nono da kindirmo da cuku da madarar gari na tsawon mako 2 zuwa 4. Ta dama hurarta da ruwa da tsamiya ko garin ƴaƴan kuka. Wasu daga irin waɗannan yara ba su jure awarar waken soya ma. In yaro ya sami sauƙi, kuma kuka ya dawo da ta koma shan nono, an gane. In babu canji, ta koma ga hurarta kamar da, don babu dalilin horar da ita da yunwa. Abu guda ake bari a lokaci guda. Wadda ta bar abu biyar rana ɗaya ba za ta san mai laifi ba.

A ganina abin da ake ɗura wa jinjiri ya fi abin da uwarsa ke ci ɓarna. Bauri, ruwan rijiya, zuma, ko jiƙon sassaƙe, duk suna iya kai masa zawo. Tun shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nonon uwa zalla har wata 6, ko ruwa ba a ba shi, don mafi yawan nono ruwa ne, ya isa kashe ƙishirwa ko cikin bazara. Ita uwa ce za ta sha ruwan, ta ƙara cin abinci bisa yadda ta saba: hatsi, wake, zogale, miyar kuka, kifi ko nama in an samu. Kunun kanwa kuwa a sassauta, yawan gishirinsa yana wahal da zuciyar mai jego.

Sau da yawa iskar da ke damun yaro hadiyar ta ya yi wajen tsotso. Ya kama mama da baki buɗe sosai, ba kan kaɗai ba. A bar shi ya ƙare mama guda kafin a juya shi, domin nonon ƙarshe ya fi maiƙo, ya fi ƙosarwa. In ya gama a ɗora shi a kafaɗa, a shafa bayansa har ya yi gyatsa. Goyo da tafiya a hankali suna kwantar da shi. Kada a jijjiga shi da ƙarfi ko da rai ya ɓaci, hakan yana lahanta ƙwaƙwalwa. Gara a miƙa shi ga kaka ko maƙwabciya, uwa ta huta.

Amma jinjirin da jikinsa ya yi zafi, ko ya ƙi mama, ko amansa ya fito kore, ko cikinsa ya kumbura bai sauka ba, ko maɗigarsa ta faɗa, ko awo ya nuna nauyinsa ba ya ƙaruwa, wannan ba maganar abincin uwa ba ce. A kai shi gidan likita a ranar, kada a jira ranar kasuwa.