Fashin baƙi: Dalilin taƙaita harshen da kwamfuta ke rarrabe cututtuka da shi

Garin Azare, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Katagum a Jihar Bauchi, ya zama cibiyar horar da ma'aikatan lafiya tun bayan kafa Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya a 2021. Ɗaliban da ake horarwa a can za su yi aiki ne a zamanin da bayanan majinyata ke ƙaura daga takarda zuwa kwamfuta, kuma amfanin wannan ƙaura ya rataya ne a kan ko na'ura za ta gane dangantakar abin da aka rubuta.

Idan likita ya rubuta "zazzaɓin Lassa", cutar da Bauchi ke cikin jihohin da ta fi addaba, ana so kwamfuta ta gano da kanta cewa wannan yana cikin zazzaɓin da ke haddasa zubar jini, wanda ƙwayar bairas ke kawowa. In ta kasa, majinyacin zai ɓace daga ƙididdigar da hukumomi ke dogara da ita wajen gano ɓarkewar annoba.

Tsarin da ke tabbatar da hakan shi masana ke kira ontoloji, wato jerin ma'anoni da dangantakarsu da aka rubuta bisa ƙa'idojin ilimin manɗiƙi. Fitaccen harshen rubuta shi, OWL, ya samu amincewar hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet a 2004, aka sabunta shi a 2009.

Sai dai harshen da ya iya faɗin komai yana da tsada. Tun a 1936 Alonzo Church da Alan Turing suka tabbatar da cewa babu wata hanyar lissafi da za ta iya yanke hukunci a kan kowace magana ta cikakken manɗiƙi. Ko a ƙananan harsuna ma, kalma guda tana iya jefa na'ura cikin wahala. Kalmar "ko" tana tilasta mata bin hanyoyi biyu. Idan aka tara irin wannan zaɓi sau 20, hanyoyin sun haura miliyan ɗaya; sau 30 kuwa, sun zarce biliyan.

Wannan ne ya sa SNOMED CT, kundin kalmomin likitanci mai ɗauke da ma'anoni sama da 300,000, ya tsaya a kan ƙaramin harshe na dangin da ake kira EL. Ginshiƙansa biyu ne: haɗa siffofi da "da", da kuma cewa abu yana da alaƙa da wani abu, kamar cuta da gaɓar da ta kama.

A 2005, Franz Baader da Sebastian Brandt da Carsten Lutz na Jami'ar Fasaha ta Dresden a Jamus suka gwada iyakar abin da za a ƙara wa EL ba tare da lissafinsa ya gagara ba. Sun nuna cewa ana iya ƙara hukuncin cewa rukunoni biyu ba sa haɗuwa, da kuma sarƙar alaƙa. Misalin sarƙar shi ne Azare tana cikin Katagum, Katagum tana cikin Bauchi, don haka majinyacin Azare na Bauchi ne. Haka ma karaya a yatsa rauni ne a hannu.

Amma sun kuma tabbatar da cewa shigar da "ko", ko cikakkiyar korewa, ko "dukkan", yana sa lokacin lissafi ya riƙa ninkuwa yayin da kundi ke girma. Sakamakon aikin nasu shi ya zama tushen OWL 2 EL, kuma manhajar ELK tana jera dukkan rukunonin SNOMED CT cikin daƙiƙoƙi kaɗan.

Wannan sauri yana da farashinsa. Likita yakan buƙaci ya rubuta cewa an duba majinyaci ba a sami cuta ba. Tunda harshen ba ya ɗaukar korewa, SNOMED CT yana ajiye irin wannan bayani a matsayin wani yanayi na daban mai alamar "babu". Wanda ya tsara manhajar asibiti ba tare da sanin haka ba yana iya ƙirga mai lafiya cikin masu cutar.

Saboda haka, duk asibitin da zai rungumi tsarin adana bayanai na kwamfuta, a Azare ko a wani wuri, yana buƙatar ma'aikatan da suka san abin da harshen tsarin ke iya faɗa da abin da aka cire masa da gangan.