Ƙaramin inji ko babba: wanne za ya fid da kayanmu daga rairayi?

Ɗan'uwa manomi, in ƙungiyarku ta tara kuɗi don sayen kamiyo, mai saye da sayarwa za ya fara gaya muku yawan dawakin injin. Ka saurare shi, amma ka yi masa wata tambaya: yaya motar ke tashi da kaya in injin yana juyi sannu? Hanyoyinmu na Adar, daga Kalfu zuwa Tawa, ko wajen Kaita da Buza, dutsi ne da hawa da rairayin ƙorama. A nan gudu ba ya da amfani. Ƙarfin ja shi ne magana.

Ƙarfin ja da ƙarfin doki

Ƙarfin ja shi ne ƙarfin da inji ke murɗa ƙarfen da ke juya ƙafafu. Da Faransanci ana ce masa kupul. Ƙarfin doki kuwa ana samunsa in an haɗa ƙarfin ja da saurin juyi. Ka dubi sa da doki a bakin rijiya. Doki ya fi sauri, amma sa ne ke fid da wasaki cike da ruwa ba tare da ya yi gudu ba. Inji ma haka yake. Wanda tukwanensa, wato silinda, suka fi girma, kowane bugu nasa ya fi nauyi. Shi ya sa yake ja tun yana juyi sannu.

Dalilin silinda shida a jere

A wannan inji, duk juyi ɗaya ana samun bugu uku, kamar mata uku masu daka a turmi guda, wannan ta ɗaga waccan ta sauke. Bugun ba ya yankewa, kuma injin ba ya girgiza da yawa. Don haka aka daɗe ana sa shi a motocin kaya.

Misali biyu da ka sani

Ka san tsofaffin motocin Mercedes masu gajeren hanci. Kamfanin Mercedes ya daina ƙera su, amma har yanzu suna ɗaukar albasa da hatsi. Lambar da ke jikinsu tana magana. 1113 na nufin tan 11 da doki 130. 1924 na nufin tan 19 da doki 240. Ka lura, wannan nauyi ya haɗa da motar kanta, ba kaya kaɗai ba.

Injin 1113 sunansa OM 352, an fara yinsa a 1964, girmansa lita 5,7. Injin 1924 sunansa OM 355, lita 11,6. Duka biyu silinda shida ne a jere, amma na biyu ya ninka na farko girma, ƙarfin jansa ma ya ninka.

Abin da za ka auna

Na ɗaya, kaya. In kuna da lodin da za ya cika babbar mota yawancin watannin shekara, kamar masu kai albasar Galmi zuwa Gana, babban inji ya dace. In aikinku kai gero da wake kasuwa ne, da ɗauko taki, ƙaramin ya isa. Babban inji yana shan gazuwal ko motar tana tafiya wayam.

Na biyu, hanya. Babbar mota ta fi nauyi. In ta nutse a ƙorama, ƙarfin injin ba za ya fid da ita ba, sai ma ƙafafun su ƙara haƙa rami. Giya ta ɗaya tana ninka ƙarfin ja sau da yawa. Ƙaramar mota mai daidaitaccen lodi tana wuce inda babba ta kwana.

Na uku, gyara. Ka tambayi bakanike a Tawa wane inji ya iya, kuma kayan wanne ake samu kusa. Mota tsaye tana jiran ƙarfe, albasa na ruɓewa cikin buhu.

Kuskuren da ya fi yawa

Shi ne a sayi ƙarama don araha, a ɗora mata lodin babba. A hawa sai direba ya taka mai, hayaƙi ya yi baƙi, ruwan lagireto ya tafasa, kuloci ya ƙone. Ribar da aka ci a buhu goma na ƙari, gareji ce za ta karɓe ta.

Kafin ku biya

Kada ku gwada mota wayam a kan kwalta. Ku loda ta, ku kai ta hawa, ku tsayar da ita a tsakiya, sannan direba ya tashe ta. In ta tashi ba da kuka ba, ba da baƙin hayaƙi ba, tana da ƙarfin da kuke nema. In sai an taka mai har ƙasa, ku bar ta.

Ka karanta wa ƴan ƙungiyarku wannan takarda ranar taro, ku lissafa buhunanku na bara, sannan ku je ciniki.