Mariƙin Keke Na Katako: Aikin Da Masassaƙan Ƙota Za Su Iya

Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, tsofaffin kekuna suka fara fitowa daga zauruka da bayan rumbuna a garinmu Adogi. Duk wanda ya bi hanyar Lafiya zuwa Shandam da sassafe zai ga masu keke, wani da dauren doya a kariya, wani da buhun rogo, wani da jarkokin ruwa. Akwai Raleigh, keken Ingila da aka taɓa haɗawa a Kano, akwai Phoenix ta ƙasar Sin, ga kuma na gwanjo masu giya da samari ke so. Mai faci ya sake musu taya da tib, ya ɗaure kaca, ya gyara birki. Wuri ɗaya ake mantawa da shi, wato inda tafin hannu ke zama tun daga ƙofar gida har gona.

Ni da keke nake zuwa gona, kuma na daɗe ina lura da kan kekunan mutane. Yawanci robar mariƙin ta tsage, ko ta yi danƙo saboda rana, ko ta ɓace gaba ɗaya. Sai ka ga an yanka tsohon tib an naɗe ƙarfen, ko an bar shi tsirara. Ƙarfe tsirara yana ƙona hannu da rana a watan Maris, yana santsi da damina, bakinsa kuma a buɗe yake, in mutum ya faɗi yana iya huda masa ciki ko cinya. Robar da ake sayowa da araha ba ta cika kai shekara ba, kuma idan ruwa ya shiga ƙarƙashinta tana iya zarewa a hannun mutum yana tsakar gangara da kaya. Sannan ga mutuwar yatsu. Akwai wata jijiya da ke bi ta gindin tafin hannu ta ɓangaren ƙaramin yatsa, idan aka daɗe ana danne ta a kan siririn ƙarfe sai ƙaramin yatsa da na kusa da shi su dinga mutuwa. Mariƙi mai ɗan kauri da ya cika hannu yana rage wannan matsi.

Kafin roba ta mamaye ko'ina, kekunan da aka ƙera a Turai da Amurka wajejen 1890 da yawa mariƙinsu na katako ne, ko fata, ko wani ɓawon itace mai laushi da ake kira kok, wanda ake toshe bakin kwalba da shi. Itacen yana fitowa a ƙasashen da ke yammacin tekun Bahar Rum, irin su Fotugal da Sifen da Maroko da Aljeriya, kuma kusan rabin abin da duniya ke samu daga Fotugal yake. Ba a sare shi. Sai ya kai shekara 25 ake fara ɓare masa ɓawo, daga nan sai a jira shekara 9 kafin a sake. Cikin ɓawon ƙananan ƙofofi ne cike da iska, shi ya sa ba shi da nauyi, ba ya ɗaukar zafi, ba ya shan ruwa sosai, yana kuma shanye girgizar hanya. Masu son sa suna shafa masa shalak, wani ƙaro da ƙwaro ke fitarwa a itatuwan Indiya da Tailan, ana narkar da shi a sifirit, a shafa siriri-siriri sau da yawa, ana barin kowane shafi ya bushe. Matsalarsa a wurinmu biyu ce. Sai an yi odarsa daga nesa da tsada, kuma yana ɓarɓashewa idan keke ya faɗi ko an jingina shi da bangon siminti. Keken da ke ɗaukar doya ba zai riƙe shi ba.

Abin da muke da shi katako ne, da mutanen da suka san shi. Masassaƙin da ke yin ƙotar fartanya da ta gatari ya san abin da ake bukata a wurin itacen da hannu zai riƙe yini guda cikin gumi. Ya san wanda ke tsagewa, da wanda ke tsire hannu, da wanda ke ƙara sulɓi da tsufa. Da tsohuwar zuma ake magani. Ni wurin wani dattijo mai sassaƙa na kai nawa aikin, na je masa da awon ƙarfen, shi kuma ya zaɓi itacen.

Marke shi ne na farko a wurinsa, domin yana da ƙwari da nauyi, kuma da shi aka saba yin ƙota. Ƙirya ta fi shi tauri, ita ake yin turmi da taɓarya da ita, gara ma ba ta cika taɓa ta ba, amma huda ta sai da haƙuri. Maɗaci ya fi sauƙin sassaƙa, launinsa ja mai kyau, kuma ana samun guntayensa a wurin kafintoci. Tik ma yana da kyau don yana da mai a jikinsa, ruwa ba ya saurin lalata shi. Malaina da maje sun yi laushi, suna lotsewa. Ɗanyen itace kuwa kowane iri ne kada a kusance shi, domin yana bushewa zai tsuke a kan ƙarfen ya tsage daga baki har ƙarshe.

Akwai itacen da nake roƙon a ƙyale. Maɗobiya ta fi kowanne kyau idan an goge ta, kuma kyan nan ne ya jawo mata sara. An yi ta jigilar gungumenta zuwa Sin daga dazuzzukan Najeriya, har taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Johannesburg a 2016 ya sa ta cikin itatuwan da sai da izini ake cinikinsu tsakanin ƙasashe, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da ita daga Najeriya. Kaɗanya da ɗorawa abinci ne da kuɗin shigar mata. Ita kanta ƙirya 'ya'yanta ake yin daddawa da su a wannan yanki namu. Mariƙi biyu ba su wuce guntun katako mai tsawon taƙi ɗaya da rabi ba. Karyayyar ƙota, ko tsohuwar taɓarya, ko ƙafar kujerar da ta lalace, duk sun isa, kuma sun riga sun bushe shekara da shekaru.

Wajen aikin, awo ne gaba. Kaurin ƙarfen kan keke a wurin da ake riƙewa milimita 22.2 ne a yawancin kekunan da muke hawa, wato bakwai bisa takwas na inci. A yanka katako biyu masu tsawon santimita 12 zuwa 13. A fara hudawa tun katakon yana da kusurwa huɗu, kafin a sassaƙe shi, domin idan aka fara siranta shi bakin injin huda zai fasa shi. Kada ramin ya fita ta ɗaya gefen, a bar kamar kaurin yatsa a rufe, shi ne zai toshe bakin ƙarfen. A tsakiyar wannan murfin a yi ɗan ƙaramin rami da iska za ta fita lokacin turawa. Idan ramin ya yi matsi, a naɗa samfefa a jikin sanda a goge cikinsa har mariƙin ya shiga da turin hannu. Wanda sai an buga da guduma ya shiga, zai tsage da hunturu.

Daga nan sai sassaƙa. Kaurin waje ya tsaya tsakanin milimita 30 zuwa 33, tsakiya ta ɗan fi bakin tudu don ta cika tafin hannu. Mai hannu ƙarami ya nemi a rage masa. A nan ne ya kamata mai keken ya zauna kusa, yana kamawa yana faɗin inda ke tokare shi. A kuma gwada birki kafin a gama. Tsofaffin kekuna masu birkin sanda hannun birkinsu yana tafiya a ƙarƙashin mariƙi, idan katakon ya yi kauri zai tare shi kafin birki ya kama. Kekunan gwanjo kuwa, hannun birki da na giya ta bakin ƙarfe ake zura su, sai a tabbata suna wurinsu kafin a manna komai.

Gugar ana farawa da gilashin fasasshiyar kwalba kamar yadda masassaƙa ke yi, ko samfefa mai lamba 80, a bi da 120, a ƙare da 220. Bayan haka a shafa ruwa kaɗan, a bari ya bushe, gashin katakon zai miƙe, a sake gogewa. Yin haka ne ke hana shi kaushi ranar da ruwan sama ya fara dukansa.

Mannawa ita ce wurin da rai ya rataya. A kankare tsatsa, a wanke ƙarfen da sifirit don kada maiƙo ya rage. Gam mai bututu biyu da ake haɗawa, irin Araldite, shi ya fi riƙewa. Gam ɗin nan mai saurin bushewa da ake ɗiga wa takalmi yana ɓallewa da girgiza. A shafa, a tura, a juya mariƙin zuwa yadda hannu ke so, a bar keken kwana ɗaya cur ba a taɓa ba.

Shafin ƙarshe bayan mannawa ake yin sa, domin mai idan ya shiga ramin gam ba zai kama ba. Banish da fenti suna ƙyalli a idon mai saye, amma suna santsi da gumi, kuma suna ɓarewa su bar kaifi. Man gyaɗa da man ja da man riɗi ba sa bushewa a jikin katako, suna kama ƙura, suna ɗoyi, suna kiran tururuwa. Baƙin man inji da wasu ke shafawa yana cutar da fata. Abin da na gamsu da shi kakin zuma ne kashi ɗaya da man kaɗanya kashi uku, a narkar da su tare a wuta marar ƙarfi, a shafa da ɗumi, a ajiye a rana na ɗan lokaci, sannan a murje da tsumma har hannu ya daina jin maiƙo. A maimaita a farkon hunturu da farkon damina. Wanda ya samu man linsid a shagon fenti, shi yana bushewa ya yi ƙarfi a cikin katakon, amma ya shanya tsumman da ya yi aiki da shi a fili, domin idan aka dunƙule shi yana iya kama wuta da kansa.

Katako yana da aibi guda, ba ya shanye girgiza kamar kok ko roba mai kyau. Mai doguwar tafiya a hanyar burji ya kai wa baduku ya naɗe masa shi da fatar akuya, ɗinkin ya koma ƙasa inda yatsu ba sa gogarsa.

Ina fatan masu faci da masassaƙan garinmu su haɗa kai a kan wannan aiki, ɗaya ya auna ya manna, ɗaya ya zaɓi itace ya sassaƙa. Kafin su miƙa wa kowa kekensa, su kama kowane mariƙi da hannu biyu su murɗa da iya ƙarfinsu, su ja shi waje. In ya motsa ko da kaɗan ne, a cire a sake mannawa, kada a bari a hau.