Santimita 14: lissafin da ke sa a iya auna taron jama'a da ƙara

Ranar 15 ga Maris, 2025, dubban masu zanga-zanga suna tsaye shiru a Belgrade, babban birnin Sabiya, domin tunawa da mutanen da rumfar tashar jirgin ƙasa ta Novi Sad ta rufta wa, sai wata ƙara ta ratsa titi, taron ya dare gida biyu. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun zargi hukuma da amfani da makamin sauti. Gwamnati ta musanta, amma daga baya ta amsa cewa 'yan sandanta sun mallaki na'urar LRAD, irin wadda aka kunna wa masu zanga-zanga a Pittsburgh ta Amurka a 2009.

Abin da ke sa a iya saita sauti kamar hasken tocila shi ne tsawon zangonsa. Sauti girgiza ce da ke tafiya a iska, tana matse ta tana sakinta. Nisan da ya ci kafin girgiza ɗaya ta cika shi ne tsawon zango, kuma ana samun sa ne idan aka ninka gudun sautin da lokacin da girgiza ɗaya ke ɗauka.

A iska mai zafin digiri 20 na Salshiyas, sauti yana cin kimanin mita 343 a daƙiƙa. Ƙarar gargaɗi ta LRAD takan kasance tsakanin girgiza 2,000 da 3,000 a daƙiƙa. A ɗauki 2,500: kowace girgiza tana ɗaukar daƙiƙa 0.0004. Idan aka ninka 343 da 0.0004, ana samun mita 0.137, wato kusan santimita 14.

Faɗin fuskar manyan na'urorin ya kusa mita 1, kimanin ninki bakwai na wannan zango. Muddin bakin da sauti ke fitowa ya fi zangon girma sosai, sautin yakan tattaru ya miƙe gaba. Rugugin babbar ganga mai girgiza 100 a daƙiƙa kuwa, zangonsa mita 3.43 ne, shi ya sa yake zagaye katanga ya shiga kowane gida.

Mugun abin shi ne, wannan siririyar ƙara ta faɗo daidai inda kunnen mutum ya fi saurin ji. Manyan na'urorin sukan haura desibel 150 a tazarar mita 1, alhali kunne yakan fara zogi tun wajen 120 zuwa 130. Jami'in da ke bayan na'urar kaso kaɗan yake sha. Wanda aka auna kuwa yana iya komawa gida da rauni a ji wanda ba ya warkewa.