Faifan Mdou Moctar: hajar Tawa ta ci kasuwa a Amurka

Mu ƴan kasuwar Garhanga mun san haja mai kyau ba ta neman dillali. Dubi Mdou Moctar, Ba'abzine makaɗin jita ɗan jaharmu ta Tawa. A Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, a 2008, waƙoƙin suka bazu daga salula zuwa salula. A 2021 kamfanin Matador na Amurka ya fitar da faifan ƙungiyarsa, Afrique Victime, inda jita ke ruri kan yadda ake wawushe arzikin Afirka. Jaridun Amurka da Ingila suka sa shi cikin fitattun faya-fayan shekarar. To amma can da dala ake sayensa, mu nan kyauta muke turawa juna. Jama'a, guminsa ne, mu ma mu riƙa biya.