Allon Falo Da Allon Tafin Hannu

Daga Gyadi-Gyadi zuwa kasuwar waya ta Farm Centre a Tarauni ba wata tafiya ba ce, amma a ɗan tsakanin nan fim ɗin Hausa yake rayuwa iri biyu. Ga titin Zoo Road da ofisoshin 'yan Kannywood, inda ake tsara shiri mai dogon zango ana fatan wata tasha ta saya. Ga kuma masu tura fina-finai, kwamfuta a kan tebur, wayoyi a jere kowace da igiyarta, yaro na cewa "a cika min memori". To saurayin da ya rataya koren ƙyalle a bangon soron gidansu, ya haɗa fim na minti biyar wanda jirgin wata duniya yake sauka a kan gadar Dangi, talabijin zai nufa ko waya?

Kada a ce ai irin wannan labari ba namu ba ne. Tun 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin Kilba da aka ɗauka aka zaga da shi sararin samaniya. A Kaduna kuwa, wasu samari 'yan uwan juna da ke kiran kansu The Critics sun fara irin waɗannan gajerun fina-finai wajen 2016, da waya mai fasasshen gilashi da manhajar Blender ta kyauta, suna koyo daga YouTube. A 2019 labarinsu ya zaga duniya, a 2020 J.J. Abrams, wanda ya ba da umarnin fina-finan Star Wars guda biyu, ya aiko musu da kayan aiki. Babu wata tashar da ta haife su. Waya ce ta yi.

Alherin waya ke nan: ba ta tambayar ɗan gidan wa ne kai, ba ta kuma ce sai ka cika rabin awa. Irin wannan fim cin lokaci gare shi. Walƙiyar daƙiƙa goma, kwamfuta tana iya kwana tana nuƙurƙusar ta, in an ɗauke wuta a sake daga farko. Mai wannan wahalar ba zai iya alkawarin fitowa duk mako ba. Ƙaramin allo kuma yana da rufin asiri, domin koren da ya maƙale a gefen kunnen jarumi ba kowa zai lura da shi ba. A allon falo kuwa, ƙanwarka ce za ta fara nunawa tana dariya.

Sai dai wayar nan tana da rowa. YouTube ba ya buɗe wa mutum kuɗin talla sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo, ka lissafa mutum nawa za su kalli fim na minti biyar kafin a kai nan. Ga kuma halinmu na Kano: mutum ɗaya ya sauke, saura su karɓa ta Xender ko a shagon tura-tura. Fim ya gama unguwa, har ana kwaikwayon maganar jarumin a majalisa, amma a lissafin intanet mutum ɗaya ne ya gani. Izzar So na Lawan Ahmad ya ci riba a YouTube tun 2020 saboda dogo ne, kuma yana dawowa mako-mako. Gajeren fim ba shi da wannan gatan.

Talabijin abin da take da shi mutunci ne. Bayan da Arewa24 ta fara a 2014, Daɗin Kowa da Kwana Casa'in suka saba wa gidaje da zama wuri ɗaya da daddare, uwa da uba da yara. Mahaifin da yake ganin ɗansa yana ɓata lokaci da danne-danne, ran da ya ga sunan yaron a allon da ake kallon labarai, magana ta canza. A Amurka an gwada haka: a 2002 kamfanin Lucasfilm da shafin AtomFilms suka shirya gasar fina-finan da masoya Star Wars suka yi da kansu, tashar Sci Fi ta nuna zaɓaɓɓu. A lura, mai kayan ne da kansa ya ba da izini. Yaron da ya ari jarumin wani ko kiɗan wani, a waya ana iya kau da kai. Tashar da ke saka talla ba za ta ɗauki rigimar haƙƙin mallaka ba.

Batun tacewa a da yana raba talabijin da waya, yanzu ba sosai ba. A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Fina-finai ta Kano ta dakatar da shirye-shirye 22, har da Labarina da Daɗin Kowa, ba ta ware na tasha da na intanet ba.

Ni dai na fi karkata ga waya a matsayin wurin farawa, don a can ne mutum zai yi kuskure ba a kore shi ba. Laifin da nake gani na tashoshi ne. Fim na minti biyar bai isa shiri ba, amma guda biyar sun isa, a haɗa da 'yar hira da waɗanda suka yi su, su nuna yadda ƙyallen ya zama sararin samaniya. Sharaɗi kawai ya zama labarin naka ne, jarumin naka ne, kuma da Hausa. ARTV ko Arewa24, duk wadda ta ware rabin awa sau ɗaya a wata, ba sai ta je Kaduna neman yaran ba. Ta fara tambayar masu gyaran waya a Farm Centre wa ke yawan zuwa neman ƙarin memori.